Ginshiƙan Ƙofar Ruwa

A ƙasar Bangala, inda koguna suka fi hanyoyi yawa, an yi wani birni mai suna Kamalabad. Wanda ya kafa shi, Sarki Kamaluddin, mutum ne mai son gini kamar ransa. Shi ya gina Masallacin Ƙubba Talatin, wanda aka ƙawata bangonsa da zanen furanni a jikin jan tubali. Shi ya gina fada mai zaure bakwai, ya tayar da hasumiyar da matuƙa jirgi ke hangowa tun daga nesa, ya haƙa babban tafki a gaban hubbaren da ya shirya wa kansa, ya zuba kadoji a ciki. Duk wannan da ƙonannen tubali aka yi shi, domin ƙasar ba ta da dutse. Sai mutum ya yi tafiyar kwana goma a cikinta bai sami tsakuwar da zai jefi kare da ita ba. Duk dutsen da aka gani a birnin, daga tsaunukan Shailgar aka sauko da shi a jirgi.

Amma da za ka tare wani tsohon Kamalabad ka tambaye shi ginin da ya fi kowanne daraja, ba zai nuna maka masallaci ko fada ba. Zai kai ka arewacin gari, inda kogin Shona ke wucewa. In damina ta kankama, kogin nan yakan tashi har ya fi rufin gidajen birni tsawo, ba abin da ke tsakaninsa da mutane sai jinga, wato ganuwar ƙasa mai kauri da aka kewaye garin da ita. A jikin jingar akwai kafa ɗaya tak, ita ce Ƙofar Ruwa. Ginshiƙai takwas ne na baƙin dutse a jere, kowanne da tsaga a gefensa inda ake zura manyan katakai, da zoben ƙarfe a ƙugunsa inda ake ɗaura igiyar jan katakan. Da rani a ɗaga katakai ruwa ya shigo ya cika tafkuna, da damina a sauke su a rufe ruf.

Ran da aka gama ƙofar, Kamaluddin ya kafa doka. Ya ce wanda ya gina abin da zai tare ruwa, shi zai zauna a ƙarƙashinsa. Saboda haka unguwar magina a gindin Ƙofar Ruwa take, gidan Sarkin Magina kuwa shi ne na farko. Shekara arba'in ana kan haka, ko ɗigo bai taɓa shigowa ba tare da an buɗe masa ba. Ni dai ban taɓa jin doka mai adalci kamar wannan ba, muddin maginin ne ke zaɓar abin da zai yi gini da shi.

Da Kamaluddin ya rasu, ɗansa Daulat Shah ya hau. Saurayi ne mai zafin kai, kuma ba abin da ya fi ci masa rai kamar a yabi gine-ginen ubansa a gabansa. Shekara uku yana gina nasa masallacin a kan dandamali mai matakala ashirin, da ƙubba hamsin, don dai a ce ya wuce uban. An gama kusan komai, saura ginshiƙai takwas na dutse da za su ɗauki rumfar gaba. A nan aiki ya tsaya, domin ɗan baffansa Miran Khan, mai riƙe da tsaunukan Shailgar, ya yi tawaye ya hana dutse sauka.

Saura wata biyu ruwa ya sauka, sai ga manzon Miran Khan a fada, wani dogo mai tabon takobi a kunci. Majalisa ta cika. Ya shigo ɗauke da kwando lulluɓe da alharini, bai durƙusa ba, ya dire shi a gaban gadon sarauta ya yaye. Tsakuwa ce guda takwas, kowacce ba ta fi ƙwan kaza ba.

Ya ce, "Ubangidana yana gaishe ka. Ya ji kana neman ginshiƙai takwas, to ga su, ya ce daidai suke da girman sarautarka. Ya kuma ce in kogi ya cika zai zo da jiragensa ya ga yadda ka kafa su."

Daulat Shah ya miƙe ya shuri kwandon, tsakuwa ta watse a daɓen fada. Dogarai suka yi waje da manzo. Sarki ya juyo kan majalisa.

"Kun gani? Kun ga abin da ɗan baffana ya mai da ni? Ni Daulat Shah ɗan Kamaluddin, a aiko mini da tsakuwa a gaban jama'ata! Na rantse, ran da zai iso zai tarar da ni ina sallah a ƙarƙashin rumfar dutse. Wanda yake da magana ya yi ta."

Waziri Munawwar ya gyara zama. Mutum ne mai taushin murya da taushin tafin hannu, wanda bai taɓa faɗa wa sarki abin da sarki ba ya son ji ba.

"Allah ya ja zamanin Sarki, hasken Bangala, magajin Kamaluddin. Ɗan tawaye yana zaton dutse a hannunsa kaɗai yake. Ya manta marigayi ya bar mana takwas, baƙaƙe, gogaggu, tsawonsu daidai da abin da rumfa ke nema. Suna can arewa cikin laka, kwaɗi kaɗai ke ganin kyansu. A ciro su a kai su ɗakin Allah, a maye gurbinsu da tubali. Fadar nan da muke ciki tubali ce, hasumiya tubali ce. Wacce ta taɓa faɗuwa?"

Fadawa suka ɗauka, "Gaskiya ne, Waziri! Allah ya ƙara basira!"

Sai wani tsoho ya tashi daga can gefe, gajere mai faɗin kafaɗa, farar ƙasa ta cinye masa fatar yatsu. Shi ne Sarkin Magina Torab Ali.

"Ranka ya daɗe, ina cikin waɗanda suka kafa ginshiƙan nan, ina saurayi. Tubali ba shi da laifi, kwaɓin da ke riƙe shi ne abin ji. Kwaɓinmu ƙonannen ɓawon kawa ne, wato katantanwar ruwa, da garin tubali da maɗin rake, kuma sai ya sha rani biyu cur kafin ya kama. Fadar nan shekara biyu ta yi a rana kafin a aza mata rufi. In na gina ƙofa yau, bayan wata biyu kogi ya zo ya jingina da ita, kwaɓin zai narke ya bi ruwa. Ba zato nake yi ba, sani na yi. A ba ni rani biyu, ko a bar ginshiƙan inda suke. Allah ba ya bukatar rumfar dutse, ranka ya daɗe, amma duk mai rai a birnin nan yana bukatar ƙofar can."

Sarkin Ruwa Bishnu Ray, wanda ke shugabantar jiragen yaƙi, ya mara masa baya. "Zaki, ni ban san gini ba, ruwa na sani. In Miran Khan ya zo da jirgi ɗari biyu zan tare shi, na ɗauki alkawari. Amma kogin Shona ba ni da rundunar da zan tare shi da ita. A saurari dattijo."

Sarki ya koma ya zauna, har an fara zaton maganar ta shige shi. Waziri ya lura da haka, sai ya yi murmushi ya shafa gemu.

"Abin mamaki. Ɗan tawaye ya ce kada masallaci ya tashi, Sarkin Magina ma ya ce kada ya tashi. A ina ma Sarkin Magina ya koyi sassaƙar dutse? Ba a Shailgar ba ne, shekara bakwai? Ko har yanzu shinkafarsu ba ta gama sauka daga cikinsa ba?"

Torab Ali ya manta a inda yake. Ya nuna Waziri da yatsa. "Ni za ka kira maci amana, Munawwar? Ka taɓa ɗaga tubali ɗaya da hannun nan naka? Gidana ne na farko a gindin ƙofar, jikokina a can suke rarrafe. Kai naka gidan yana kan tudun fada, inda ko ambaliyar Annabi Nuhu ta dawo sai ta gama da mu kafin ta jiƙa maka takalmi!"

"Ya isa!" in ji Sarki. "A gabana kake ɗaga murya? Gobe giwaye za su je su ciro ginshiƙan. Kai za ka gina abin da zai maye su, da hannunka."

Tsohon ya durƙusa. "To, ranka ya daɗe, abu ɗaya nake roƙo. A bar mutanena su tashi daga unguwar kafin ruwa. Gida ɗari da ashirin ne."

Waziri ya riga Sarki magana. "In magina suka naɗe tabarmi, gari duka zai naɗe, kuma kafin kwana uku labari ya kai Shailgar cewa ƙofarmu ba ta da ƙarfi. Ga kuma dokar marigayi."

"Dokar ubana tana nan," in ji Sarki. "Ba wanda zai ɗaga ko tukunya daga unguwar."

Ka ji fa. Mutumin da ya tsani a ambaci sunan ubansa, yau shi ne mai tsaron dokar uba. Ya karɓe wa magini zaɓi, ya bar masa hukunci. Ko yanzu in na tuna wannan zaman sai raina ya ɓaci.

Giwaye goma sha biyu suka yi kwana tara suna jan ginshiƙan. Aka kafa su a gaban sabon masallaci, aka cike tsagar katakai da shafe don kada a gane daga inda suka fito. Zoben ƙarfe ne suka gagara cirewa, domin an dasa su cikin dutsen da narkakkiyar dalma. Waziri ya ce a shafa musu ruwan zinariya, duk wanda ya tambaya a ce masa ado ne.

Torab Ali kuwa ya gina ƙofar tubali da iyakar saninsa. Ya ninka kaurinta, ya zaɓi tubalin da ya fi ƙonuwa, ya sa aka hura wuta a gindinta ko kwaɓi zai yi saurin bushewa, alhali ya san wuta ba ta yin aikin rana. Ruwa ma bai jira wata biyun ba, ya sauko da kwana goma sha biyar a gaba. Kogi ya fara hawa.

Ba a jima ba kadojin tafki suka fito daga ruwa suka hau matakalar hubbaren Kamaluddin suka kwanta, abin da ba su taɓa yi ba. Masu duban fada suka ce alamar nasara ce, har dabbobi sun zo mubaya'a. Aka ba masu duban riguna.

Ranar wata Lahadi da la'asar, matar Torab Ali, Bibi Sakhina, ta jawo guga daga rijiyar tsakar gida, sai ta tsaya tana kallon ruwan. Ya yi fari kamar an wanke shinkafa a ciki.

"Baban Nasima, zo ka gani."

Ya zo ya ɗebo a tafinsa ya kurɓa. Ya daɗe bai haɗiye ba.

"Mene ne?"

"Ɗanɗana."

Ta ɗanɗana. "Zaƙi-zaƙi."

"Maɗin da na zuba a kwaɓi ne. Ƙofar ce muke sha."

Bibi Sakhina ta ajiye guga. Shekara talatin da takwas tana auren magini, ba ta bukatar ƙarin bayani. "Kwana nawa?"

"In kogi ya ci gaba da hawa haka, ba za ta wuce bakwai ba. Na je fada sau uku, an hana ni shiga. In muka gudu, dogarai su dawo da mu a ɗaure."

Ta dubi jikokinta biyu da ke wasa da ƙasa a bakin ɗaki, ta dubi jingar da ta tsaya a kansu. Can ta ce, "Me ya rage a masallacin nasu?"

"Shafen bango. Sarki yana so a buɗe ran Juma'a, ga shi ba a daka ko rabin ɓawon ba."

"Wa ke dakan ɓawo in ba matan magina ba? Wa ke tankaɗe in ba 'ya'yansu ba? Je ka gaya wa mai taushin hannun nan cewa in yana son Juma'arsa, sai unguwa duka ta koma kan dandamali da turame, a ci a can a zauna a can har a gama. Ba tashi muka yi ba, aikin Sarki muka je."

Washegari Torab Ali ya tare Waziri a ƙofar gidansa ya faɗa masa haka. Munawwar ya saurara yana lumshe ido. Mugu ne, amma ba wawa ba ne.

"Dabara mai kyau, Sarkin Magina. Na yarda, don ina son Juma'ar. Su hau da turamensu. Amma kai ai ba ka daka. Za ka zauna a gidanka kamar yadda doka ta ce, ka riƙa hura wuta. Daga tudun fada ana hango hayaƙin gidanka, muddin mutane na ganinsa hankalinsu a kwance yake. Ran da na duba ban ga hayaƙi ba, ran nan zan kora su gida gaba ɗaya, har masu goyo. Zan sa dogarai biyu su taya ka hira."

Da ya dawo da labari, Bibi Sakhina ta ce ba inda za ta. Ta zauna a kan turmi ta harɗe hannuwa.

"Tare muka shigo gidan nan, Baban Nasima."

"In kika zauna, Nasima za ta zauna. In ta zauna, 'ya'yanta za su zauna, sauran mata kuma su ce tunda uwar gida ba ta tafi ba, ba komai. Ke kika ƙulla abin nan, ke za ki ja su."

Ba ta yi kuka ba, fushi ya hana ta. Ta tashi ta jera masa itace a gindin murhu, ɗanye a gefe guda don ya fi hayaƙi, ta auna masa shinkafar kwana bakwai, ta ɗauki taɓaryarta.

"Ni ban yafe musu ba," ta ce. "Kai in ka ga dama ka yafe."

Kafin azahar unguwar magina ta koma kan dandamali, mata da yara da tsofaffi, har da awaki. Sautin turame ya cika gari. Mutane na wucewa suna cewa lallai magina na son Sarki.

Ran Juma'a da hantsi masu gadin hasumiya suka buga ƙararrawa. Jiragen Miran Khan ne suka ɓullo daga arewa, sun rufe kogi daga gaɓa zuwa gaɓa, tutoci baƙaƙe, ganguna na tashi. Ruwa na tura su, sai gudu suke kamar an sako su daga tudu.

Bishnu Ray ya san ba zai iya tsayawa gaban wannan gudu ba, bai kuwa gwada ba. Ya jera tsofaffin jirage talatin a gaban jinga kamar su ne rundunar duka, sauran ya ɓoye su cikin wani rafi mai duhun gora a can sama. Ya bari sai da jirgin ƙarshe na abokan gaba ya wuce bakin rafin, sannan ya sa aka busa ƙaho. Jiragensa suka fito ta bayansu, yanzu su ruwan yake turawa. Suka sako tukwanen wuta da kibau kamar ruwan sama. Jiragen Shailgar suka so juyawa, suka yi ta karo da juna, filafilai na karyewa, mutane na faɗawa ruwa da sulkensu. Bishnu Ray da kansa ya tsallaka cikin jirgin sarkin yaƙinsu ya sare tutarsa. Kafin rana ta take tsaka, jirgi arba'in na ci da wuta, Miran Khan ya ja da baya zuwa ɗaya gaɓar yana neman hanyar komawa gida. Jiragen Kamalabad suka taru a gaban Ƙofar Ruwa suna shirin binsa.

A gindin ƙofar, Torab Ali na zaune a kan tabarma gaban murhu. Tun safe yake kallon tubali na zubar da farin ruwa ta kowace gaɓa. Ya kira dogaran nan biyu.

"Ku hau kan jinga ku kalli yaƙi. Ku matsa can gabas, wajen itacen mangwaro."

Babbansu ya ce, "Baba, an ce kada mu bar ka."

"Daga can kuna ganin ƙofar gidana. Ina za ni? Kai ba ka ce mini matarka ta haihu watan jiya ba? Ku hau."

Dogarin ya dubi ƙofar, ya dubi tsohon, ya gane. Ya ce, "Taho mu hau tare."

Torab Ali ya girgiza kai ya nuna tudun fada. "Ana kallon hayaƙi. Ban san sa'ar ba, ko yanzu ko gobe. In na tashi wuta ta mutu, Waziri ya kora mutanena gida, sannan ƙofar ta fashe fa?"

Suka hau. Shi kuma ya ɗauki ɗanyen itace ya ƙara a wuta.

A sabon masallaci an cika maƙil. Ɗan saƙon Bishnu Ray ya iso da gudu ya faɗi a gaban Sarki yana haki, ya ce an karya Miran Khan. Tambura suka ɗauka, gari ya ruɗe da kabbara. Daulat Shah na tsaye a ƙarƙashin rumfa cikin alkyabbar zinariya, yana shafa ginshiƙi da tafinsa.

"Allah ya ja zamanin Sarki," in ji Waziri. "Ga rumfa, ga nasara, duk a rana ɗaya. Marigayi bai taɓa haɗa biyun nan ba. Ga kuma hayaƙin tsohon mai baƙin baki can yana tashi lafiya lau."

Sarki ya yi dariya ya juya don ya gani. Yana kallo hayaƙin ya ɓace.

Ƙarar ta iso bayan haka, wata irin rugugi da aka ji ta a ƙafa kafin kunne. Ƙofar tubali ta tafi gaba ɗaya, jinga ta tsage hagu da dama, kogin Shona ya faɗo cikin Kamalabad. Unguwar magina ko rufi ɗaya bai rage ba. Jiragen Bishnu Ray da ke taruwa a bakin ƙofar ruwa ya zuƙe su ta kafar, ya maka su a kan gidaje, waɗanda suka ci yaƙi da hantsi suka mutu a kan titin garinsu. Ruwa ya bi kasuwa, ya shiga Masallacin Ƙubba Talatin har wuyan mumbari, ya cika zauruka bakwai na fada ɗaya bayan ɗaya. Mutane suka yi ta gudu zuwa dandamali, wanda ya isa ya isa. Daga can gaɓar, Miran Khan ya ga abin da ya faru, ya sa aka juya jirage.

Ruwa ya cinye matakala goma, ya cinye goma sha biyar, ya tsaya a ta goma sha takwas. Daulat Shah ya yi ta zagaye a rumfarsa, rawani ya warware.

"A toshe! A toshe kafar! Ina Sarkin Magina? A kira mini Torab Ali yanzu-yanzu!"

Ba wanda ya motsa. Waziri ya sunkuyar da kai yana kallon takalmansa, waɗanda har yanzu a bushe suke.

"Ba ku ji ba ne? Na ce ina Torab Ali?"

Sai matan magina suka dare, wata tsohuwa ta fito daga cikinsu, farar ƙasa ta rufe ta tun daga gashi har ƙafa, taɓarya a hannunta. Dogari ya so tare ta, ta ture shi da ita. Ba ta durƙusa ba, ba ta ce ranka ya daɗe ba.

"Yana inda ka ajiye shi," in ji Bibi Sakhina. Ta nuna arewa da taɓaryar, inda ba a ganin komai sai jan ruwa na juyawa. "Can. Aika Wazirinka ya kira maka shi, shi ya san gidan. Ya gaya maka a gaban majalisarka, kuka ce maci amana ne. Ka ce dokar ubanka, to ga ta nan ya cika maka ita. Ubanka ya ce wanda ya gina ya zauna a ƙarƙashi. Wa ya gina wannan abin, ɗan Kamaluddin? Hannun mijina ne, amma bakin waye?"

Sarki ya waiga. Jama'ar da ke kabbara ɗazu duk sun juyo suna kallonsa, kuma ba irin kallon da ya saba gani ba ne.

Ana cikin haka aka ji ganguna. Jiragen Shailgar ne ke shigowa ta babban titin kasuwa, a jere, a hankali, ba mai harbinsu. Na gaba ya zo ya gogi matakala ta goma sha takwas. Wani dogo mai tabon takobi a kunci ya diro da igiya a hannu.

"Ubangidana ya iso," ya ce wa Daulat Shah. "Ya zo ganin yadda ka kafa su."

Ya waiga yana neman inda zai ɗaure jirgi, sai idonsa ya faɗa kan zoben da ke ƙugun ginshiƙi, yana ƙyalli da ruwan zinariya. Ya zura igiya ya ƙulla, ya ja da ƙarfi don ya gwada. Bibi Sakhina na tsaye tana kallo. Zoben bai ko motsa ba, don mijinta ne ya dasa shi shekara arba'in da suka wuce.